Igiya Huɗu

Ƙarfe tara na safe, rana ba ta da niyyar fitowa.
Haka ƙarshen Disamba yake a Sodankylä:
ɗan shuɗi-shuɗi na awa uku, sai duhu ya koma kujerarsa.
Na yi baya da a-kori-kurar Baba
har ƙugiya ta sami bakin ƙaramar tirela.
Sau uku ina kuskurewa.
Shi sau ɗaya yake yi, da sigari a baki, ko waiwaye babu.

Babur ɗinsa na ƙanƙara ya yi wata goma a rumfa.
Na ja igiyar tayarwa har kafaɗata ta yi tsami,
a ja na sha ɗaya ya yi tari, ya tofar da hayaƙi.
Warin mai ya cika rumfar,
warin rigar Baba ke nan, ba ragi.
Na hau da shi kan tirela a hankali,
ƙafafunsa na gaba suna kuka a kan ƙarfe
kamar ana wasa wuƙa.

Igiya huɗu, in ji Urpo, ubana.
Biyu a gaba, a gicciye.
Biyu a baya, kada ki matse har ki hana shi numfashi.
Uku ganganci ne, biyar kuma tsoro.
In kin ci kilomita goma, tsaya ki taɓa su,
igiya baki biyu gare ta:
abin da ta faɗa a gida daban, na hanya daban.

Na tsaya a gefen titi.
Sanyi ya kama gashin hancina.
Ta baya ta hagu ta saki, kamar yadda ya faɗa.
Na ƙara wa makullinta haƙori uku.
Sannan, ban san dalili ba, na buɗe akwatin bayan kujera:
filogi biyu cikin safa ɗaya,
ashana a kwalbar magani,
rabin cakulan da ya daskare ya zama dutse
da sawun haƙoransa a jiki.
Na rufe.

Hanyar Ivalo doguwa ce, fara fat.
Barewa bakwai sun tare titi suna lasar gishiri.
Na taka birki sannu-sannu,
nauyin da ke bayana ya turo ni
kamar tafin hannu a gadon baya
ranar da ya koya mini keke.
A madubi fitilarsa a mace take, tana bina.
Duk kwanar da na sha sai ta ɗan yi gardama
kafin ta yarda.

Jouko, mai saye, ya fito da tocila a goshi.
Ya duba bel, ya leƙa inji, ya shinshina tanki.
Ya ce, wa ya ɗaure wannan?
Na ce ni.
Ya gyaɗa kai, bai ƙara ba.
Ya nemi ragin yuro ɗari biyu, na rage ɗari.
Ɗansa ne zai riƙa kai wa garke abinci da shi.
Cakulan kaɗai na ɗauke.
Filogin na bar musu, wata rana za su neme shi
a tsakiyar tafki, inda babu mai jin kira.

Ba wanda ya taɓa gaya mini
tirela marar kaya ta fi surutu.
Kowane rami sai ta yi tsalle,
sarƙa na dukan ƙarfe kamar tana bin bashi.

A kilomita na goma na kunna sigina, na tsaya.
Igiyoyin huɗu suna nannaɗe a kujerar gaba, na sani.
Duk da haka na fita, na zagaya,
na dafa katakon tirela
inda sabuwar dusa ba ta gama rufe sawun ba:
layi biyu sirara, da mai faɗi ɗaya a tsakiya.
Ina nan har yatsuna suka daina jin komai.
Sannan na shiga, na ja.