Muryar da Ƙirji ke Ji

A Hamamatsu, bayan layin dogo,
inda iskar teku ke cin ƙarfe kamar gara,
nan garejina yake.
Shekara talatin da ɗaya ina waldar salansa,
har idona ya saba da shuɗin wuta.

Yawancin masu zuwa samari ne.
Su ce, Morishita, buɗe mata maƙogwaro,
muna so in mun taka totur
karnukan unguwa su yi sallama da barci.
In karɓi kuɗinsu, in ja musu kunne kan doka,
su fita suna keta dare kamar tsumma.

Wata Talata, ana yayyafi,
mace ta shigo da 'yar ƙaramar mota fara,
rigar asibiti a jikinta, idanu duk gajiya.
Chizuru sunanta.
Ta ce, ba ƙara nake so ba.
Na ajiye sifana, na dube ta.
Ta ce, murya nake so, mai kauri, ta ƙasa-ƙasa,
irin wadda ƙirji ke ji kafin kunne.

Mahaifinta, Tsuneo, mai saita fiyano ne.
Shekara arba'in yana ɗaure tsirkiya, yana sassautawa,
har kowace ta faɗi gaskiyarta.
Yanzu kunne ya yi masa tawaye.
Kukan tsuntsu ya fara tafiya,
sai ƙararrawar ƙofa, sai fiton butar shayi,
sai muryar 'yarsa.
Amo masu kaurin nan na can hannun hagu,
su kaɗai ba su yi ƙaura ba.

Ita kuwa aikin dare take.
Ƙarfe uku za ta dawo
ta tarar da shi bakin taga, ko bargo babu,
don motar kamar mage take shigowa,
shi kuma ba ya kai haƙarƙari ƙasa sai ya tabbatar.

Na cire tsohon bututu mai tsatsa,
na lanƙwasa sabo, mai faɗin wuyan hannuna.
Washegari ta zo da tsohon.
Siriri ne, hularsa a hannu.
Ya zaro wani ƙarfe mai baki biyu daga aljihu,
ya buga a gwiwa, ya cije gindinsa da haƙori.
Na tayar da inji.
Ya ɗora tafi a bayan motar, ya rufe ido.
Ya ce, ta yi sama, ƙara mata tsawo, yatsa biyu.

Ni! Ni da nake ganin an gama koya mini sana'a.
Na haɗiye, na ƙara.
Ya ce, akwai kakari a ciki, kamar mai mura.
Na buɗe tukunyar, na sake cusa mata auduga.
Sau biyar muna yi, shayinmu ya huce,
rana ta faɗa bayan masana'anta.
A na shida bai ce uffan ba.
Na dai ga tsikar hannunsa ta tashi,
Chizuru ta juya tana duba tayar da babu abin da ya same ta.

Na kawo ma'auni, allura ta tsaya ƙasa da jan layi.
Ba ƙarar da za ta sa maƙwabci ya kai ƙara.

Bayan wata biyu ta zo juyen mai.
Ta ce yanzu ƙarfe goma yake kwanciya.
In ta sha kwanar shagon mai kifi,
amon ya bi ta ƙasa, ya hau katakon ɗaki,
ya taɓa masa kafaɗa,
sai ya gyara kwanciya ya ci gaba da minshari.

Amma ya ba ni saƙo, in ji ta.
Wai in sanyi ya shigo, muryar na ɗan kaucewa.
Zai zo da kansa a Disamba.

Na riga na goge masa kujera.