Ƙeya

A Bilanguwa, inda Shari ke sauke gajiya kafin ya shiga tafki,
na kafa sanduna bakwai.
Babu hasumiya, babu mai rabon magana.
Kowace eriya ita ke sarautar kanta,
ta karɓa, ta miƙa,
kamar masu kashe gobara da bokiti.

Eriyar dā sanƙira ce,
in ta buɗe baki, gabas da yamma kowa ya yi tsit.
Nawa kuwa bakinsu tsinin mashi,
kunnensu bututun zuba kananzir.
Ta gidan Barka mai ƙanƙara na zance da ta bakin kwata,
ta asibiti na zance da ta makaranta,
iska ɗaya, lokaci ɗaya, ba mai taka sawun wata.
Na yi murna.
Na sha shayi har zubi uku a rumfar Abakura.

Ashe tsinin baki da kuɗinsa yake zuwa.

Ladabin da na koya musu na gida ne:
kafin ki yi magana, kasa kunne.
In shiru, yi sallama.
In an ce bismilla, sauke kayanki,
ki tsaya sai an ce ya iso.
Wadda ta tsinkayi sallamar wasu ta wata kusurwa,
ta kame bakinta ta wannan gefen, zuwa an jima.

Ranar kasuwa, ana auna banda buhu-buhu,
ta huɗu ta kira ta biyar.
Ta biyar ta ba ta ƙeya,
tana ɗaukar farashi daga wajen Kusiri.
Ba ƙi ta yi ba. Ba ta ji ba ne.
Ta huɗu ta dakata, ta sake sallama. Shiru.
Ta ninka jira. Shiru.
Ta sake ninkawa, ta sake,
har ta rubuta a ranta: maƙwabciya ta mutu.

Malamanmu a Marwa kurumta suke ce wa wannan,
alhali kunnen lafiyarsa lau,
wani waje ya fuskanta.

Ta shida kuma, da ba ta ji sallamar kowa ba,
ta cilla tata tsakiyar zancen mutane.
Magana ta yi karo da magana
kamar kwalekwale biyu a daren da ba wata.
Saƙon Falmata ungozoma ne ya nutse,
sai da ta aiki yaro a babur.

Da dare na zauna gindin sanda,
kwamfuta a cinya, sauro na cin rabonsa,
na ƙara musu doka:
kafin ki juya fuska,
yi gyaran murya ta kowace kusurwa,
ki ce ina da baƙo, ina zuwa.
In kin sallame shi, ki waiwaya ki ce na gama.
Ke mai kira kuma,
kada ki yi wa shiru fassara da wuri.

Nan yatsana ya tsaya.

Tanimu, cikinmu ɗaya.
Na kira ka sau biyu a kan gonar Baba, ba ka ɗauka ba.
Na ba ka mako.
Na ba ka wata.
Na ninka, na ninka, damina uku ke nan.
Sai bara wani direban tirela ke faɗa mini
a watan nan kana asibitin Garwa,
kunnenka duka na kan numfashin 'yarka.
Na ji, na ce Allah sarki,
na ci gaba da lissafin jirana.

Fitilun sanduna bakwai na ƙiftawa kore,
ta huɗu ta sami ta biyar.
Masunta sun fara tura jirage.
Lambarka na nan, ban goge ba.
Ban san inda ka fuskanta yanzu ba.

Tana shiga.