Inabi a Bakin Ramin Kuza

Filin da kakana ya tona yana neman kuza,
shi Baba Dalyop ya saya da kuɗin sallama.
Mutanen Bukuru suka sha dariya:
burji ne fa, tsakuwa ce zalla,
ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta tsiro.
Shi kuwa ya durƙusa, ya damƙi jar ƙasa,
ya murza, ya sansana kamar mai sayen daddawa,
ya ce, "Inabi ba ya son gata.
Ka ba shi fadama, ya biya ka da ganye.
Ka ba shi wuya, ya biya ka da zaƙi."

Ina ɗan shekara sha huɗu lokacin,
aikina jan ruwa daga tafkin da injin Turawa ya bari,
kore shar, mai zurfin da ba a tambaya.
Bokiti arba'in kafin azahar,
kafaɗata ta san kowane layi da sunansa.

Iri uku ya kawo a cikin jiƙaƙƙen buhu,
sanduna kawai, kamar asuwaki.
Sunayensu na takarda sun ƙi zama a bakinmu,
sai muka raɗa masu namu.
Baƙin, mai kaurin fata, Ɗan Dutse,
yana son gangare inda ruwa ba ya kwana.
Koren, marar ƙwallo, Shagwaɓa,
raɓa kaɗan sai ta kwanta ciwo.
Jan kuwa Sai-An-Jima,
don kowa ya nuna, shi yana nan yana tunani.

Ruwan Agusta ba abokinsu ba ne.
Kwana tara sama ba ta ɗauke ba,
fumfuna ta hau ganye kamar an watsa toka.
Muka jira Oktoba, ya fito da almakashi,
ya yi masu aski har na ji tausayi.
Ya ce, "Bari su haihu da rani.
A nan rana ce ke dafawa,
sanyin dare ya rufe tukunya.
Abin da tudun Jos ya fi Lafiya ke nan, yaro,
can zafi ba ya barin ɗan itace ya huta."

Shekara ta huɗu, ana saura mako a tsinka,
gajimare ya taso ta bayan duwatsun Shere,
ƙanƙara ta sauko kamar ana jifan ɓarawo.
Minti goma.
Nonnan inabi a ƙasa, sun fashe, ƙudan zuma na biki.
Bai ce uffan ba.
Ya tsinci guda ɗaya da ta tsira, ya raba da farce,
rabi nasa, rabi nawa.
Tsami ya kama mini muƙamuƙi,
can ƙarshe wani zaƙi ya leƙo, ya koma.

Ta biyar ce ta cika kwanduna.
Ɗan Dutse ya tafi majami'arsu, aka matse don ranar Lahadi.
Shagwaɓa ta tafi Farin Gada,
masu saye suna rantsuwa daga jirgi aka sauke ta.
Sai-An-Jima ya shanya a kan kwano,
ya aika wa innata zabibi cikin gwangwanin madara,
da shi muka sha ruwa a azumin bana waccan.

Yau shekara uku da rufe shi a Du.
'Ya'yansa na Abuja, sun ce in ci gaba.
Almakashin na aljihuna, ƙotarsa ta ɗauki siffar hannunsa,
nawa bai gama cika ta ba.
Jiya wani ya tsaya da mota, ya tambayi irin takin da nake sawa.
Na nuna masa tsakuwa.
Ya ɗauka wasa nake.