Naɗi na Shida

Littafina mai shuɗin bango, irin na 'yan lakwal,
gumi ya ci gefensa, bik ya huda shi wuri biyu.
Tun ina ɗan koyo a shagon tela a Zango
nake rubuta duk fim ɗin da idona ya gani:
rana, kuɗin shiga, wanda ya zauna damana,
da ko wuta ta ɗauke.
Dubu ɗaya da ɗari huɗu da bakwai.
Ban sa na talabijin ba,
wannan gyangyaɗi ne, ba kallo ba.

Bayan lisha muna haɗuwa ƙofar Nomau,
buta a kan gawayi, mu huɗu. Da can mu tara ne.
Mele ya ce na Indiya sun fi,
can ko mutuwa sai an raka ta da waƙa.
Tanimun ya yi tsaki: a ba shi kaboyi,
namiji ya yi shiru, hula ta rufe ido,
kalma uku har a tashi.
"Wancan mai gada, sau uku na gan shi!"
Na lashi yatsa, na juya shafi.
"Sau biyu. Na ukun ga abin da na rubuta:
Tanimun ya fara minshari tun ba a kashe fitila ba."

Amma akwai layi guda da na bari fari.
Fim ɗin mai gyaran agogo
da ya bi jirgin ƙasa yana neman ƙaninsa.
Naɗi biyar suka iso Damagaram,
na shida ya ɓace a hanya.
Bango ya yi fari fat, sai ƙwari a cikin haske,
muka yi ta jifan sama da ɓawon gyaɗa.

Ɗan Jimma, karen mota, ya ce kada mu damu,
shi ya ga ƙarshen a Maraɗi.
Ya hau benci, ya zama jirgi, ya zama ruwan sama,
ya zama makaho a bakin tasha
da ya ji bugun agogo a aljihun baƙo
ya ce, "Wannan na gidanmu ne, yana latti da minti biyu."
Mele ya yi kuka, ya ce hayaƙin gawayi ne.
Shekara arba'in muna cin wannan ƙarshen
kamar kilishin da ba ya ƙarewa.

Jiya jikata Habsu ta zo da waya.
"Kaka, ba wannan ba ne?" Shi ne kuwa.
Kai huɗu masu furfura a kan allo kamar tafin hannu.
Muka wuce biyar ɗin da muka haddace,
muka shiga na shida da numfashi a riƙe.

Babu makaho. Babu ruwa.
Wani ɗan sanda ya kawo takarda,
aka rungumi juna, aka yi rawa, aka rufe.

Mele ya ce, "Sun yanke."
Nomau kuwa dariya har rawani ya kwance:
"Yanzu na tuna! Waccan shekara
motarsu a Takeita ta kwana wata guda, ba taya.
Bai taɓa isa Maraɗi ba!"

Damina bakwai ke nan da muka kai shi bayan duwatsu.
Babu wanda za a kama da ƙarya.
Shayi ya huce, ba wanda ya ce a ɗora na uku.

Da na koma gida na kunna tocila,
na nemo layin nan, na cika shi:
Naɗi na shida. An gani a kan benci.
Mai haskawa, Ɗan Jimma.
Kuɗin shiga, kofi ɗaya.
Wuta ba ta ɗauke ba.

Na wayar Habsu ban ƙirga shi ba.