Kura da Takunkumi

Babana wanzami ne a Ƙofar Wambai.
Da askarsa yake tsaga maruru,
ya matse mugunya, ya ɗaure da tsumma,
bayan wata biyu mai ciwon ya dawo,
jiya hammata, yau cinya.

Na gaji aikin, ban gaji askar ba.
Nawa faranti ne na gilashi mai murfi.
Da yamma nake shuka ƙwayar cutar,
da safe ta tsiro, ruwan zinare.
A madubin likita cincirindo take yi
kamar nonon inabi a 'Yan Lemo.
Kyan ɗan maciji.

Ita ta ci ƙafar Mati, ƙanena.
Ƙusa ce ta karce shi a Ƙofar Ruwa
yana sauke rodi.
Allura kala bakwai aka canza,
duk cutar ta riga ta san su.
Ranar sallama ya fito da sanda,
ni ina riƙe da takalmin hagu a leda.

Abin da muke gwadawa yanzu
ba kisa ba ne, ɗaure baki ne.
Ina yarinya gardawa kan ratso layinmu
da kura a sarƙa, an sa mata takunkumi.
Mu leƙo ta bayan zanin Inna,
mu ga doron, mu ga ɗingishin, mu ji warin.
Ba ta ciji kowa ba,
amma tun ranar ko a duhu na san kura.

Haka nake so jini ya ga wannan,
a galabaice, a ɗaure, ta zaga jiki,
dakarun ciki su haddace fuskarta.
Ran da ta gasken ta biyo kafar rauni
ta tarar da gora a bakin ƙofa.

Ban ce mun kai ba.
Ɓeraye ne har yau ke karɓar allurar,
wasu su miƙe, wasu a wayi gari sun sandare.
Shekaranjiya an ɗauke wuta, janareta ba mai,
shukar kwana tara ta lalace.
Kuma takunkumi yakan kwance, na sani,
shi ke hana ni barci.

Ɗazu Mati ya kira daga shagon cajinsa,
yana dariya:
"Yaya Ladidi, kurar taki ta yi laushi?"
Na ce da saura.
Na wanke hannu har gwiwa,
na ɗauko sabon faranti.