Tsanin Tambaya ta Bakwai

Ƙarfe ɗaya da kwata aka ce a ajiye biro.
Muka fito kamar awakin da aka kwance wa igiya.
Ruwan safe ya bar taɓo a Tudun Wada,
ƙasa na tururi, kawunanmu ma haka.

Gindin dalbejiyar bakin get
kasuwa ta ci ba tare da an kasa kaya ba.
Kowa da takardar tambayoyi a hannu,
ta sha fensir, ta sha gumi.

"Ta huɗu, me ka samu?"
"Sittin."
"Sittin ɗin me, digiri ko naira?"
Aka kwashe da dariya. Habila ya dafe kai.
Lantana ta toshe kunnuwa da yatsu,
wai ita ba ta tonon kabari da rana tsaka.
Amma ba ta tafi ba.
Ta tsaya inda iska za ta kawo mata lambobin.

Nafi'u, wanda tun aji ɗaya
malamai ke miƙa wa alli in sun gaji,
yana tsugune gaban mai awara,
alƙalin da ba wanda ya naɗa.
"Ta bakwai fa? Ta tsani?"
Ya lashe yaji a yatsa. "Sha uku."
Rifkatu ta daka tsalle, taɓo ya fallatsa wa safarta.
Tanko ma ya ce sha uku,
ko da yake Tanko, da an ce ɗari, ɗari zai ce.

Ni goma da ɗigo tara na rubuta.
Har layi biyu na ja a ƙarƙashi. Da rula.

Na juya baya na sake karantawa.
Bango mita sha biyu.
Gindin tsani mita biyar daga bango.
Nemo tsawon tsanin.
Inda ya kamata in tara, ɗebewa na yi.
Na ƙera tsanin da ya fi bango gajarta,
na jingina shi a karkace,
na kuma rantse wa gwamnati ya kai.

Babana mai fenti ne.
Shekara ashirin da tsani a kafaɗa,
daga Kakuri zuwa duk inda aka kira.
Bai san alwatika na da doka ba.
Kallo ɗaya yake wa gini ya ce,
"Namu ba zai kai ba, je ka aro na Istifanus."
Ni ke riƙe gindin ranar Asabar,
fenti na ɗigo mini a ƙeya,
yana cewa daga sama, "Riƙe da kyau, injiniya."
Kuɗin rajistar nan
benen wani mutum ne a Malali,
shafe biyu, ciki da waje.

"Kai fa, Sagir?"
Na ce, "Kusa da haka."
Lantana ta dube ni. Ta ji, ta gane,
ta miƙo mini ragowar fiya wata ba magana.

Can sai Nafi'u ya daina tauna.
Wani ya tambayi ta goma sha biyu,
shi kuma a sha ɗaya ya tsaya,
bai juya shafin ƙarshe ba.
Ban yi murna ba.
To, na ɗan yi. Allah ya yafe mini.

A Keke Napep mu biyar, har da gefen direba,
Habila na lissafa maki a tafin hannu,
yana ba kansa rabi-rabi don tausayi.
Kan gada na leƙa, kogin Kaduna ya cika, jajawur,
bai tambayi kowa amsa ba.

Na tarar da Baba yana wanke burushi da kananzir.
Tsaninmu na kwance jikin katanga,
matakala ta uku ɗaure da waya.
Bai ɗago ba. "Yaya lissafin?"
Na ce, "Sai sakamako ya fito."
Ya ce, "Gobe akwai aiki a Barnawa. Gidan da tsawo.
Biya wajen Istifanus kafin magariba."