Ramin da Ke Mayar da Murya

Gdańsk, hawa na huɗu, lifta ta lalace.
Na hau da dogon kwali a kafaɗa,
ƙanƙara na narkewa cikin takalmina.
Kaka Bogumił ya buɗe ƙofa da "Iye?"
tun ban ce uffan ba.

Shekara talatin da ɗaya yana walda a maƙerar jiragen ruwa.
Ƙarfe ya cinye kunnen hagu,
ya rage masa rabin na dama.
Labarai yake kallo kamar mai kallon kifi a kwalba:
baki na motsi, ba labari.

Na durƙusa bayan talabijin.
Ƙura, mataccen batir, maɓallin rigar wani.
Ramuka uku a jere, kama ɗaya,
amma kama da wane ba ta wane:
ɗaya ne kaɗai ke mayar da murya,
wanda aka rubuta wa ARC da ƙananan haruffa.
Na soka wayar a na farko.
Hoto ya zo, sandar sauti ta yi gum.

"Jagoda," in ji shi, yana haska mini tocila a ido,
"haɗi ba a yi masa gaggawa.
Bakin da bai dace ba, ba ya kamawa."
Na zare. Na karanta. Na sake sokawa.
'Yar fitila ta ƙifta.

'Yar na'urar kallon nan, mai tsawon yatsa,
ta samu rami na biyu, da wutarta daban a bango.
Kalmar sirrin intanet na bayan rasit ɗin magani:
Leokadia, sai shekarar aurensu.

Na kashe lasifikar talabijin, kar su yi kacaniya.
Na rage rugugi saboda matar ƙasa
mai buga rufinta da sandar tsintsiya.
Na ɗaga muryar mutane sama da kiɗa.
Leɓe ya riga magana, na dinga matsawa kaɗan-kaɗan
har suka jera.

Sannan na buɗo abin da ya kawo ni:
tsohon kaset na bikin Inna Danuta
da Przemek ya tura mana daga Bergen.
Hoton duk yashi.
Ga ta nan bakin tukunyar kabeji, ludayi a hannu,
ba waƙa take ba, ba addu'a ba,
faɗa take:
"Boguś! Cire hularka, cikin mutane kake!"

Hannunsa ya tafi kansa.
Babu hula.
Ya bar shi a nan.

Taragon titi ya wuce, taga ta yi rawa.
Shayinmu ya huce.

"Rage kaɗan," in ji shi,
mutumin da shekara goma bai ce a rage komai ba.
"Rage, sai ki maido shi baya.
Da ma can ba ta iya magana a hankali ba."